Fushin iskar Arlit

A fim ɗinta *La Colère dans le vent* (2016), Amina Weira ta bi mahaifinta, tsohon ma'aikacin haƙar uraniyom, cikin Arlit. Ba ta yi wa'azi ba. Ta bar ƙura da muryoyin mazauna garin su ba da shaida, kuma nan ƙarfin aikin yake. Lokaci ya ƙara masa nauyi. An rufe Cominak a 2021, gwamnati ta karɓe Somaïr a 2025, amma sauyin mai mallaka bai kwashe tan miliyan 20 na sharar guba daga Akokan ba. Wa zai biya kuɗin gyara? Ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai fim ɗin, su yi muhawara.