Kaciya ranar suna: wa ya ce mana sunna ce?

Makon jiya bayan sallar asuba wani maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci, idonsa ja wur, ya ce: "Malam, a sa mu a addu'a, yaron yana asibiti ana ƙara masa jini." Kwana ɗaya tak da na raɗa masa suna. Ashe muna watsewa daga rabon goro aka shiga da shi ɗaki, wani mai kemis ya yi masa kaciya. Jini ya yi ta tsattsafowa cikin famfas har dare, mata na can suna hidimar biki, wanda aka nuna wa sai ya ce ai haka yake yi, zai tsaya. Allah dai ya yi da sauran kwanansa.

Mu da muka yi ƙuruciya a gida Arewa mun san ba haka aka yi mana ba. Sai yaro ya kai kamar shekara bakwai, a jira sanyi, a tara su wanzami ya yi musu, a yi ta ba su nama har su warke. A nan Ibadan muka tarar da Yarbawa suna yi wa 'ya'yansu tun suna jarirai, mu ma a Sabo muka ɗauka. Ban ga aibun wannan ba, jariri ma ya fi saurin warkewa. Abin da nake suka shi ne yadda muka ɗaure ta da ranar suna, har wasu na ganin addini ne ya ce haka. To mu Malikawa ne. Kaciya sunna ce mai ƙarfi, amma a Mukhtasar na Shehu Khalil yin ta ranar yanka ragon suna yana cikin makaruhai, kuma malamanmu sun fi son a yi ta tsakanin shekara 7 zuwa 10. Ke nan wanda ya jinkirta mako biyu ko wata guda bai saɓa wa kowa ba.

Jama'a, jaririn da ya kai kilo 3, duk jinin jikinsa bai wuce kimanin rabin ledar fiya wata ba. Ɗan abin da babba zai zubar ya ɗaure da tsumma ya koma kasuwa, shi jariri zai iya tafiya da shi. Shi ya sa a asibiti ake yi musu allurar bitamin K da an haife su, don jini ya riƙa daskarewa. Wanda aka haifa a gida fa, wa ya yi masa? Sannan akwai yaran da sam bai kamata a taɓa su ba sai likita ya duba: bakwaini, mai shawara, wanda ƙofar fitsarinsa ba ta a kan tsinin gaba, da wanda a dangin uwarsa akwai mazan da in sun ji ciwo jini ba ya tsayawa. Wa ke tambayar wannan ana tsakiyar kiɗa?

Ba wanzamai nake zagi ba, sana'ar gado ce, kuma akwai masu tsafta a cikinsu. Amma aska ɗaya ga yara uku hanyar ciwon hanta ce.

Bayan an yi, ruwan ɗumi mai tsafta da man Vaseline sun wadatar, a riƙa canja famfas da wuri. Toka, man goge baki, garin kafso, duk a bar su. In jini ya ƙi tsayawa, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko jiki ya yi zafi, ko ya ƙi kama nono, a tafi asibiti a lokacin, ba sai baƙi sun watse ba.

Laifin kuwa namu ne maza. Mutum zai yini a kara yana juya rago yana duba haƙoransa, amma wanda zai sa wa ɗansa wuƙa sai ya ce a nemo mai sauƙin kuɗi, shi yana waje yana karɓar barka. Ni dai na faɗa wa ladan, daga yanzu duk wanda ya zo kirana suna, kafin in sa takalmi zan tambaye shi yaushe za a yi kaciya, kuma wa zai yi.