Fensir da Allura: Nazari Kan Hotunan Ƙyalle

Mai zanen fuska yana da matsala guda: hoto tsaye yake cak, mutum kuwa kullum canzawa yake. Ta yaya za a nuna shekarun da suka gina mutum a kan shafi ɗaya? Masu haɗa zanen fensir da ƙyalle sun raba aikin gida biyu. Layin fensir ya tsayar da kamanni, ƙyalle kuma ya ɗauki tarihi, domin tufa ta san jiki, ta sha gumi, ta halarci biki da makoki.

Faith Ringgold ta Amurka na cikin waɗanda suka share wannan hanya. A 1980 ta ɗinka bargon hotunanta na farko tare da mahaifiyarta, wadda tela ce, a 1986 kuma ta yi wani a kan fafutukarta ta rage ƙiba. Amma a ganina fasahar ta fi nuna a hannun Billie Zangewa, wadda aka haifa a Blantyre ta Malawi a 1973, take zaune a Johannesburg. Takan fara zana siffar a takarda, ta yanka guntayen siliki bisa layin, ta kafe su da fil, sannan ta bi da ɗinkin hannu. A aikinta na 2010, "The Rebirth of the Black Venus", mace ce ta miƙe ta kere dogayen benayen birni. Bayan ta zama uwa sai hotunanta suka koma cikin gida: kicin, falo, yaro, hutun mace ita kaɗai. Wanda ya jera su zai ga girma ya tashi daga neman a gan ka zuwa natsuwa da kanka. Takan bar gefen aikin a gutsure, wani wuri ma da giɓi, kamar tana nuna cewa ba a gama ɗinka mutum sai ranar da ya bar duniya.

Njideka Akunyili Crosby, 'yar Enugu da ta koma Amurka a 1999, ta ƙara wani abu. A "Dwell: Aso Ebi" na 2017 ta saka atamfa mai ɗauke da fuskar mahaifiyarta, marigayiya Dora Akunyili, tsohuwar shugabar hukumar NAFDAC. Duk wanda ya taɓa yin anko ya san abin da wannan yake nufi: yadin shaida ne na su wa ka tsaya tare da su.

Sai dai akwai tarko. Ƙyalle yana da saurin jan ido, kuma ragon mai zane kan liƙa atamfa mai walƙiya don kawai a ce aikin na Afirka ne. In layi bai yi ƙwari ba, ado ya cinye fuska. In yadin ba shi da alaƙa da mai hoton, labarin ƙarya ne. Shi ya sa tambaya biyu suka wajaba a gaban kowane irin wannan aiki: in an cire ƙyallen, mutumin yana nan? Kuma me ya sa wannan ƙyalle, ba wani ba?