Lacca da Waƙa a Gwagwarmayar Sawaba: Nazari kan Yadda NEPU ta Karantar da Talakawa

Jam'iyyar NEPU, wadda Hausawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba, an kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Cikin mutum takwas da suka assasa ta akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru a wannan shekarar, ya kuma zama shugabanta a 1953. Abin da ya bambanta NEPU da sauran jam'iyyun zamaninta shi ne yadda ta mayar da siyasa makaranta, inda manomi da tela da ɗan koli suke haɗuwa su gane tushen zaluncin da ake yi musu.

Wannan ɗabi'a ta girmi jam'iyyar. Tun a 1943 Malam Sa'adu Zungur da Aminu Kano suna cikin wata ƙungiyar tattaunawa a Bauci, inda malamai da ma'aikata suke muhawara kan mulkin En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya. Sai dai wancan zama na 'yan boko ne. Aikin da NEPU ta yi shi ne fitar da muhawarar daga ɗakin taro zuwa kasuwa da zaure da bakin tasha.

Darasin farko da ake koyarwa shi ne rarrabe hakki da zalunci. Talaka ya saba da biyan haraji da jangali, da kai gaisuwa ga hakimi, da noman gandun sarauta ba lada, har ya ɗauka haka Allah ya tsara duniya. A wurin lacca sai mai jawabi ya bi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya: wanne doka ta wajabta, wanne kuma son zuciyar dagaci ne. Ana nuna wa mutum ya nemi rasiti idan ya biya haraji, ya ƙi aikin tilas, ya san cewa hukuncin alƙali ana iya ɗaukaka ƙara a kansa. Sanarwar Sawaba ta 1952 ta ba wannan koyarwa ginshiƙi, domin ta bayyana cewa rikicin Arewa gwagwarmaya ce tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa. Nan ne ra'ayin gurguzu ya fi fitowa fili a tunanin jam'iyyar.

Amma NEPU ba ta zo wa jama'a da littattafan Turai ba. Ta yi magana da harshen da suka riga suka yarda da shi, wato adalci a Musulunci. Aminu Kano malamin tafsiri ne, Sa'adu Zungur kuma masanin Alƙur'ani da fiƙihu. Sukan kafa hujja da rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu, su nuna cewa abin da masu jihadi suka yaƙa shi ne ya dawo a hannun magadansu. Wannan dabara ta toshe bakin masu cewa bijire wa sarki saɓon Allah ne.

Bayan lacca, hanya ta biyu ita ce rubutacciyar waƙa. Tun da yawancin jama'a ba su iya karatun boko ba, mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suka zama malamai. Ana tsara waƙar a ƙarin da kunnen almajiri ya saba da shi, a rera ta a taro, jama'a su riƙa karɓar amshi. Wanda ya haddace a Kano ko Jos sai ya kai ta ƙauyensu a ka, inda ɗan doka ba shi da takardar da zai ƙwace. Haka kuma mai karatu ɗaya yakan karanta jarida da ƙarfi, goma su saurara, a yi tambaya, a yi gardama.

Karatun bai zo a arha ba. 'Yan NEPU sun sha bulala da ɗauri a kotunan En'e bisa zargin zagin sarauta ko yin taro ba izini, sun kuma sha duka a hannun 'yan bangar siyasa. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta riƙa shiga gidaje tana tara mata, an ɗaure ta sau da yawa, alhali matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976. Zaɓen 1951 ma ya zama darasi: NEPU ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓe hawa-hawa ya tace 'yan takararta kafin a kai majalisa.

An ga amfanin wannan shuka bayan shekaru. Da jam'iyyar PRP, wadda ta gaji NEPU, ta ci jihohin Kano da Kaduna a 1979, gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, Kano kuma ta kafa hukumar ilimin manya a 1980.

Duk da haka tsarin yana da rauni. Ya dogara ga baki da kwarjinin shugabanni fiye da rubutacciyar manhaja ko makarantun horar da mabiya. Ya fi ƙwarewa wajen tona asirin En'e fiye da bayyana yadda za a tsara noma da kasuwanci bayan an kawar da ita. Shi ya sa da PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, sannan Malam Aminu ya rasu a 1983, ba a sami cibiyar da za ta ci gaba da karantarwar ba. NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati a Jihar Arewa ba, amma ita ce ta koya wa talaka cewa mai mulki abin tambaya ne, kuma wannan ya fi kujerun majalisa da ta samu muhimmanci.