Gwanayen Haɗa Ƙananan Jiragen Ƙarƙashin Ruwa

Masu ƙera ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa, waɗanda ake sarrafawa da na'urar rediyo, sun cancanci jinjina, domin aikinsu ba ya yafe ganganci. Kafa ɗaya kamar bakin allura ta isa ruwa ya kai ga batir da inji.

Shi ya sa gwanintarsu ta fi bayyana wajen zaɓen gam. Efoksi, irin su Araldite da kamfanin Ciba na Suwizalan ya fito da shi a 1946, ruwa biyu ne: ƙaro da mai daskarar da shi. Mai kamawa cikin minti 5 yana da daɗin aiki, amma bai cika jure zama cikin ruwa ba. Gwani yakan ɗauki mai jinkiri, wanda sai ya kwana ya yini kafin ya ƙanƙare, don ya fi riƙe faiba da bututun tagulla.

Kafin shafawa, sai ya goge wurin da samfefa, ya share maiƙo da sinadarin alkohol, ya auna ruwan biyu daidai yadda aka rubuta. Robar foliyetilin kuwa, efoksi ba ya kama ta, sai a nemi wata dabara.