Ƙaurar Gidan Wasan Kwaikwayo: Wa Ake Bari a Baya?

A garin Tamanrasset, can kudancin ƙasar Aljeriya, a gindin duwatsun Ahaggar, akwai wani gida da ake kira Dar Imzad. Imzad kuwa ɗan'uwan goge ne, wato ƙwarya ce a rufe da fata, da tsirkiya ɗaya ta izgar doki. A al'adar Abzinawa mata ne suke goga shi, maza kuwa su rera waƙa. A dā wurinsa shi ne zaman hirar dare da suke kira ahal, a bakin tanti. Da fari da komawa gari suka rage zaman daji, sai masu iya shi suka zama tsofaffin mata 'yan kaɗan. A 2003 aka kafa ƙungiyar ceton imzad, daga baya ta gina wannan gida domin 'yan mata su koya. A 2013 hukumar UNESCO ta sa imzad cikin gadon al'adun duniya.

Ba mai musun cewa gidan ya yi amfani, gama da ba don irinsa ba, da kiɗan yana iya bin tsofaffin zuwa kabari. Amma wanda ya san ahal ya san aji da zauren baƙi ba bakin tanti ba ne. An ceci kiɗan, zaman da ya haife shi kuwa bai biyo shi duka ba. Wannan ita ce tambayar da take tasowa duk lokacin da aka ɗauke wasa daga inda ya saba aka kai shi sabon wuri: me ya tafi, me ya rage a baya?

Yadda aka yi a Dallas

A ƙasashen da gidajen wasan kwaikwayo suka daɗe, wannan tambaya ta zo da wata fuska. Shugabannin birane suna ware unguwa ɗaya a tsakiyar birni, su tara gidajen kiɗa da na zane-zane da na wasa a cikinta, su kira ta unguwar fasaha. Sa'an nan a ce wa tsohon gidan wasan yankin ya taso ya shigo ciki. Birnin Dallas na jihar Texas a Amurka misali ne da ya isa a duba.

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Dallas Theater Center ta buɗe gidanta a 1959, a bakin rafin Turtle Creek, cikin itatuwa. Sunan gidan Kalita Humphreys. Shahararren mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ne ya zana shi, ya kuwa rasu a shekarar nan kafin a buɗe shi. Dandamalinsa zagayayye ne mai juyawa. Shekara 50 ƙungiyar ta yi a nan. A 2009 ta mai da babban zamanta sabon gidan Wyly a unguwar fasaha, kusa da gidan opera na Winspear wanda aka buɗe tare da shi, da zauren kiɗa na Meyerson, da gidan zane-zane na birnin.

Adalci ne a faɗi abin da aka samu. Sabon gidan yana ɗaukar mutum kusan 600, kuma kujerunsa da benayen masu kallo ana iya matsar da su, a sāke fasalin zauren gwargwadon abin da wasa yake bukata. Tsohon gidan ba ya iya wannan. A 2017 ƙungiyar ta karɓi lambar Tony, wadda ake ba gidan wasan yanki da ya yi fice a Amurka. Saboda haka wanda ya ce ƙaurar ɓarna ce zalla bai faɗi gaskiya ba. Duk da haka akwai damuwa uku waɗanda fitilun sabon gini ba su kawar ba.

Ta fari: tsohon gida

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gidan Kalita mallakar birnin Dallas ne. Bayan 2009 ba a rufe shi ba, ƙungiyar da wasu ƙananan ƙungiyoyi sun ci gaba da yin wasanni a ciki. Amma ido da kuɗi sun koma tsakiyar birni, gyara ya yi ta jira. Da aka fito da babban shirin gyara gidan da filinsa a ƙarshen 2022, kuɗin ya haura dala miliyan 300, mutane da yawa suka ja da baya. Abin da za a yi ta gyarawa kaɗan kaɗan ya taru ya zama kaya.

A Minneapolis, wani birnin Amurka, abin ya fi haka muni. Gidan wasan Guthrie da aka buɗe a 1963 ya ƙaura zuwa sabon gini a bakin kogin Mississippi a 2006, a shekarar nan kuma aka fara rushe tsohon, ko da yake masu kishin tarihi sun roƙa a bar shi. Wanda kakarsa ta fara kai shi kallo a wurin ba shi da abin da zai nuna wa jikansa.

Ta biyu: nauyin sabon gida

Babban gini ba ya cin tuwo, amma yana cin wuta da masu gadi da masu gyaran injuna kowace rana, ko an yi wasa ko ba a yi ba. Wannan kuɗi daga wuri biyu yake fitowa: aljihun mai kallo, ko hannun attajiri. In kuɗin shiga ya hau, talaka ya tsaya a waje. In aka dogara ga attajiri, mai shirya wasa ya fara auna maganarsa, kada ya ɓata wa mai bayarwa rai. Wasan kwaikwayo kuwa, tun daga wasan tashe har zuwa dandamali, babban aikinsa shi ne ya faɗa wa manya abin da ba a iya faɗa musu a fada. Gidan da ba ya iya wannan ya yi hasarar abin da ya fi kujeru daraja.

Ta uku: masu kallo

Wannan ita ce babba, kuma Aljeriya tana da darasi a kanta. Manyan gidajen wasan yankunanta, irin na Oran da Constantine, gine-gine ne na zamanin Faransa a tsakiyar birni. Abdelkader Alloula, wanda ya shugabanci na Oran, ya fita da wasa zuwa ƙauyukan manoma a farkon shekarun 1970. Manoman ba su jeru a gaban dandamali ba, suka zauna a ƙasa suka kewaye 'yan wasan, kamar yadda suka saba kewaye mai ba da labari a kasuwa. Kayan adon dandamali suka zama marasa amfani. Daga nan Alloula ya sāke salon wasanninsa, ya gina su a kan wannan da'ira da ake kira halƙa. An harbe shi a Oran a Maris 1994, gidan wasan birnin kuma yana ɗauke da sunansa yanzu.

A Samaru ta Zariya ma an gane wannan. A tsakiyar shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta gina gidan wasanta da ƙasa, da zagayayyun ɗakuna kamar zaure suna kewaye da fili, domin Bahaushe ya shiga ba tare da ya ji shi baƙo ne ba. Malamai da ɗalibai ba su tsaya nan ba, suka kai wasa Soba da Maska da Bomo, suna yi da Hausa a kan taki da filin noma da sauran abin da yake damun manoma.

Alloula da mutanen Samaru sun matsa wajen jama'a. Unguwar fasaha kuwa jama'a take kira su matso wajenta. Tsakiyar birni takan cika da ofisoshi da rana, ta zama wayam da dare. Mai mota zai zo. Tsohuwar da take takawa da ƙafa zuwa tsohon gida fa? Yaron da yake leƙe ta ƙofa har wata rana ya zama ɗan wasa fa? Sunayensu ba sa cikin lissafin masu gini.

Hukunci

Ƙaura ba laifi ba ce. Inda tsohon wuri ya mutu, kamar yadda zaman ahal ya yi rauni a Ahaggar, sabon gida jinƙai ne. Amma inda tsohon wuri yake da rai, ƙaura domin ƙawata birni kawai ciniki ne da ake sayar da abin da ba a iya sayowa. Kafin a ɗaga kujera ɗaya, wajibi ne masu shawara su amsa abu uku a fili: wa zai riƙe tsohon gidan kuma da wane kuɗi, nawa mai ƙaramin ƙarfi zai biya a ƙofar sabon, kuma ta wace hanya mutanen tsohuwar unguwa za su isa can su komo gida da dare.

Mai karatu kada ya ce wannan zancen Turawa ne. Garuruwan ƙasar Hausa suna girma, filayen dandali da gidajen samari suna zama shaguna, ana kuma alkawarin manyan gine-gine a madadinsu. Ranar da irin wannan alkawari ya zo garinsu, bari ya yi waɗannan tambayoyi uku tun ba a zuba harsashi ba.