Waɗanda Suka Share Fagen 'Yanci

Duk ranar 1 ga Oktoba, yayin da 'yan makaranta ke fareti a Yelwan Yauri, 'yan NEPU nake tunawa. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950, lokacin da albashin gwamnati ke da daraja. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka, har aske mata kai aka yi. Sa'adu Zungur kuwa ciwo ya cinye shi, ya rasu a 1958, bai ga an sauke tutar Ingila ba.

Amma teloli da mahauta da 'yan kolin da suka bi NEPU sun fi tsaya mini a rai. 'Yan dokan En'e suka yi ta kama su, matansu suka riƙe gida da sana'ar ƙuli-ƙuli da fura, ba wanda ya rubuta sunansu.