3.4 Raunin Kalmar "Bugun Zuciya" Wajen Gargaɗi Kan Illar Magani

A wannan sashe za a dubi kalmar "bugun zuciya" da yadda ake amfani da ita wajen yi wa masu shan magani gargaɗi. Ma'anarta ta asali ita ce harbawar da zuciya ke yi dare da rana, wadda ga baligi mai lafiya da ke hutawa takan kama daga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Sai dai kafofin watsa labarai sun ƙara mata wani nauyi, domin idan jijiyar zuciyar mutum ta toshe ya rasu, sukan ce "bugun zuciya" ne ajalinsa. Har wa yau, da ita ake bayyana rikicewar harbawar zuciya da wasu magunguna kan haddasa. Ke nan kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana uku.

Wannan ba ƙaramin rauni ba ne, idan aka yi la'akari da cewa illar magungunan ba iri ɗaya ba ce. Salbutamol, wato maganin asma, yakan sa zuciya sauri na ɗan lokaci. Shi kuwa kwinin da halofantrine, na zazzaɓin cizon sauro, suna iya birkita tsarin harbawar har a suma ko a rasa rai. Irin wannan illa ce ta sa aka janye terfenadine, maganin atishawa da ƙaiƙayi, daga kasuwannin Amurka a 1998. To, idan mai kemis ya ce magani "yana sa bugun zuciya", mai asma na iya tsorata ya yar da abin da ke ceton numfashinsa, mai shan kwinin kuma ya ɗauka ba komai ba ne, tunda zuciya dama bugawa take yi.

Kalmar "faɗuwar gaba" da wasu ke sakawa a madadinta ta fi muni, saboda Bahaushe ya danganta ta da tsoro, wani lokaci ma da mayu ko iskoki. Sai majiyyaci ya tafi neman rubutu da turare, alhali yana ci gaba da haɗiyar ƙwayar.

Saboda haka wannan nazari yana ganin ya dace a rarrabe: "saurin bugun zuciya", da "rikicewar bugun zuciya", da "toshewar jijiyar zuciya". Tsawon fassara ba aibi ba ne, matuƙar majiyyaci zai gane lokacin da ya kamata ya koma wurin likita.